Tambayi Riwaya: Siginar Hagu Tana Sauri, Ta Dama Lafiya Lau

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran gareji. Ina da Hilux ƙirar 2008 da nake ɗaukar hatsi da ita daga ƙauyukan Funtuwa zuwa kasuwar Dawanau. Tun farkon damina siginar hagu ta ɗauki wani irin sauri, ƙyat-ƙyat-ƙyat ba hutawa, alhali ta dama tana tafiya yadda na saba ji. Wani yaro a gareji ya ce filasha ce, wato 'yar na'urar da ke sa sigina ƙiftawa, na sayi sabuwa aka sa, ba abin da ya canza. Na sauka na zagaya, gaba tana kamawa, baya ma tana kamawa, sai dai hasken na baya ya yi ƙasa sosai. Yaron motata kuma ya ce da dare in na taka birki siginar bayan ɗaukewa take yi, in na saki sai ya ga danja, wato jar fitilar baya da ke kunne da dare, tana ƙiftawa tare da ita. Ban sani ba ko da alaƙa, amma kafin wannan na kai ta an yi mata waldar ƙarafa a bodi don ta ƙara cin kaya. Malam me zan yi?

Direba, daga Funtuwa

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar hanya. Da farko ka ba yaron motarka tukwici, don shi ya gano ciwon, ni sunansa kawai zan faɗa maka. Amma bari in fara da filashar da ka saya, saboda ba kai kaɗai ne ke yin wannan asarar ba.

Filasha irin ta motarka ba kunnawa da kashewa kaɗai take yi ba, tana auna yawan wutar da ke bi ta cikinta. Kowane gefe na motar yana da ƙwai mai wat 21 a gaba, wani mai wat 21 a baya, da ƙarami mai wat 5 a gefen bodi kusa da ƙofa. In ka haɗa, wat 47 ke nan, wajen amfiya 4 a motar da ke aiki da 12V. Muddin filasha ta ji an ja mata wannan nauyi cif, za ta riƙa bugawa a natse. Ƙa'idar da masu ƙera motoci ke bi ita ce tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya, kuma yawancinsu suna tsayawa wajen 85. Da zarar nauyin ya faɗi kusan rabi, sai ta ninka saurin. Da gangan aka gina ta haka. Direba yana zaune a gaba, ba ya ganin abin da ke faruwa a bayansa, don haka aka sa wa filasha ta faɗa masa ta kunne da kuma ta ɗan koren kibiyar nan ta dashbod cewa akwai ƙwan da ba ya aikinsa. Ashe ka ga saurin nan ba lalacewa ba ne, aikinta take yi.

Kuma filasha ɗaya ce ke kula da hagu da dama. In ta dama tana tafiya daidai, da wuya ƙwarai a ce laifinta ne. In har tsohuwar tana hannunka, ka ajiye ta, lafiyarta ƙalau, kuma mai yiwuwa ta fi sabuwar inganci in dai wadda ta zo da motar ce. Fis ma ba ruwansa. Fis in ya ƙone, siginar ɗaukewa take gaba ɗaya, ba sauri take yi ba.

Ga sauran masu karatu da tasu ke irin wannan saurin, galibi maganar ba ta wuce ƙwai ya mutu. Ka kunna dabul sigina, ka sauka ka zagaya motar. Da yake duka ƙwayayen ne ke kamawa a lokaci guda, nan take za ka ga wanda ya yi shiru, kuma za ka iya kwatanta hasken hagu da na dama. Kada ka yi mamaki in ka ga a dabul ba ta sauri, a sigina kuma tana yi. Haka yawancinsu suke, ba wata alama ba ce ta daban. In ka samu mataccen ƙwan, ka canza, ka hau motarka.

Naka ya ɗan fi haka nisa, tunda ƙwan yana kamawa amma a raunane. Duk da haka kada ka tsallake shi. Ka sauke ƙofar baya, za ka ga noti biyu da ke riƙe da gidan fitilar daga ciki, ka kwance, ka jawo shi a hankali don kada ka tsinke waya. Ka murɗa mazaunin ƙwan siginar ta hagu ya fito. Abin da za ka fara yi shi ne karanta rubutun da ke jikin ƙarfen gindinsa. Dole ka ga 12V 21W. Akwai ƙwai mai wat 10 da gindinsu ɗaya, yana shiga ya zauna daram, ya kuma kama, amma filasha ba za ta ƙirga shi cikakke ba. Akwai kuma na manyan motoci, tirela da gingimari, mai 24V, wanda a ido ba ka raba shi da naka. In aka sa shi a ƙaramar mota sai ya ba da wani jan haske mara ƙarfi, wutar da yake ja kuwa ba ta kai rabin abin da ake so ba. A shagunan kayan gyara sau da yawa a gwangwani ɗaya ake zuba su, yaron shago ya sa hannu ya ɗebo maka wanda ya samu. Ni ba na karɓar ƙwai sai na kai shi kusa da ido na karanta, ko da mai shagon zai ce na cika fi'ili.

Daga nan ka dubi gilashin. In ya yi baƙi ko ya yi fari-fari kamar an hura masa hayaƙi, kwanansa ya ƙare ko da yana kamawa. Ka dubi ɗan dalman da ke tsakiyar gindinsa, wanda ke taɓa harshen soket. Girgizar hanyoyin ƙauye tana cinye shi har ya lotsa, ya zama taɓawar ba ta da ƙarfi. Ka leƙa cikin soket ɗin kansa. A motar da ke bin hanyar burji da damina za ka tarar da jar ƙasa ta haɗu da ruwa ta zama laka, ƙarfen ya yi kore ko ya yi tsatsa. Ka kashe makulli, ka naɗe ɗan samfefa a bakin sukundireba ka goge har ƙarfen ya yi ƙyalli, ka ɗan ɗago harshen sama in ya kwanta. Hanya mafi sauƙi ta wanke ƙwai daga zargi ita ce musanya: ka kai na hagu dama, ka kawo na dama hagu. In saurin ya bi ƙwan ya koma dama, magana ta ƙare. In ya tsaya a hagu, to mu je ga abin da nake zato tun da na karanta wasiƙarka.

Fitilarka ta baya ta rasa as.

Kowane ƙwai waya biyu yake buƙata, wadda wuta ke shigowa da wadda take fita ta koma batir. Ta fitar ita ce as, kuma a mota ƙarfen bodi da shasi ne ke ɗaukar ta zuwa kan batir mai alamar ragewa. A gidan fitilar baya, sigina da birki da danja da ribas kowanne yana da tasa wayar shigowa, amma duk sun yi tarayya a wayar fita guda ɗaya. In wannan ɗayar ta tsinke ko ta yi tsatsa, wuta ba ta haƙura. Kamar ruwan damina ne in kwatar gidanka ta toshe, sai ya bi ta gidan maƙwabci ya fita. Wutar ta shiga ƙwan sigina, ta zo fita ba hanya, sai ta juya ta bi ta cikin ƙwan birki da danja da baya-baya, ta bi wayarsu har zuwa fitilar dama, ta samu as a can. Ka ga yanzu maimakon ƙwai ɗaya, ta ratsa biyu ko uku a jere, kowanne ya ci rabonsa. Shi ya sa hasken siginar ya yi ƙasa, shi ya sa danja ke ƙiftawa tare da ita, shi ya sa kuma filasha ta ji nauyi ya ragu ta fara sauri.

Abin da yaronka ya gani in ka taka birki shi ne hujja mafi ƙarfi. Da ka taka, wayar birki ta cika da wuta, wato hanyar da siginar ke satar fita ta rufe. Wuta ta wannan gefe, wuta ta wancan gefe, ba inda za ta gangara, sai ƙwan ya mutu murus. Ka saki birki, hanya ta buɗe, ya dawo. Mataccen ƙwai ba ya haka, lalatacciyar filasha ma ba ta haka. Kuma ka lura da lokacin da abin ke faruwa: daidai sa'ad da ka rage gudu za ka karya hagu, kana tsakiyar titi kana jiran na gabanka su wuce, buhuna sun rufe bayan motar, ɗan acaɓa yana tahowa zai wuce ka ta hagun. A nan ne siginar ke ɗaukewa. Don haka kada ka ce sai bayan kasuwa ta ci.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura. Ka samu waya mai ɗan kauri, doguwa. Ka ɗaure bakinta ɗaya a kan batir mai alamar ragewa, ko a wani noti na shasi da ka kankare har ya yi fari. Ka kunna siginar hagu, ka taɓa ɗaya bakin a wayar as ta gidan fitilar, ko a ƙarfen gefen gindin ƙwan. A yawancin motocin Toyota wayar as fara ce mai baƙin layi, sai dai in wani ya riga ka shiga wurin ya sauya. In ka taɓa ka ga haske ya tashi fes, ƙarar filasha ta koma tafiyarta ta da, ka kama ɓarawo. Ka kula kawai kada wayar gwajin ta taɓa wadda ke kawo wuta, don nan take fis zai tafi.

Sai neman inda as ɗin ya yanke, kuma a nan waldar da ka ambata ta shigo. Wayoyin fitilun baya suna bin jikin shasi ne a ƙarƙashin bodi, a naɗe cikin baƙar roba. Mai walda idonsa na kan ƙarfe, ba ya kan waya. Tartsatsi ya faɗa kan damin wayoyin ya narka, ko zafin ƙarfen ya gasa su daga nesa, ko a kwance notin da as ke ɗaure a ciki don a samu wurin aiki a manta ba a mayar ba. Wani lokaci an mayar, amma bayan an shafa fenti, fenti kuwa ba ya wuce wuta. Ka shiga ƙarƙashin motar da tocila, ka bi damin daga fitilar hagu zuwa gaba kana matsawa da yatsu. Inda ka ji robar ta yi tauri ko ta ƙanƙance, ka yanka ka duba. Ka cire mahaɗin roba da ke bayan fitilar ka leƙa ƙafafunsa, don nan ruwa ke kwana.

In ka samu wurin, a gyara shi gyaran kirki. A yanke ɓangaren da ya ƙone ko ya yi kore har a kai ga jan tagulla mai kyau, a haɗa da dalma, a rufe. Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da salatif ba ya kai wata damina, musamman a wurin da taya ke watsa wa ruwa. In as ɗin noti ne, a kankare fenti da tsatsa, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris a kai. In kuma an rasa inda ya yanke, ba laifi a ja sabuwar waya daga gidan fitilar zuwa shasi. Na ce shasi, ban ce bodin baya ba. Bodin a-kori-kura ɗora shi aka yi aka ɗaure da notuna, kuma a motar da ta sha kaya da walda ba ka da tabbacin yana haɗe da shasin yadda wuta ke so.

Wani abu game da mitar auna wuta, tunda yanzu kowane yaro yana da ita a aljihu. Mita za ta iya nuna maka 12V a wayar da saura silin tagulla ɗaya ya riƙe ta, domin ita ba ta jan wuta. Sai ka ce waya lafiya, alhali in aka ɗora mata ƙwai ba za ta iya ba. Ni na fi yarda da ƙwan gwaji mai wat 21, wanda ke jan abin da siginar ke ja. In dole sai da mita, a auna siginar tana kunne, tsakanin as na fitilar da kan batir. Abin da ya kamata a gani bai wuce 0.2V ba. In ya haura rabin 1V, akwai datti a hanya.

In duk an yi wannan ba a dace ba, sai a koma kan sandar siginar da ke jikin sitiyari, amma da alamun da ka faɗa ban ga za ku kai can ba. Gaba kuma in za a yi maka walda, a cire kan batir, mai waldar ya maƙala as ɗinsa kusa da inda yake aiki, kai kuma ka tsaya a kai har a kauce da wayoyin.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Na cire ƙwayayen siginar motata na sa na LED gaba da baya don sun fi haske. Tun ranar duka gefe biyu suke sauri. Mai shagon ya ce haka suke, in saba. Gaskiya ne?

Mai karatu, daga Maraɗi

AMSA

Barka kadai. Rabin maganarsa gaskiya ne. Ƙwan sigina na asali yana jan wajen amfiya 1.75, na LED kuwa yawancinsu ɗan kaɗan suke ja daga cikin wannan. Filasha ta auna ta ji babu nauyi, sai ta ɗauka ƙwayayenka sun mutu. Amma ba dole ka saba ba.

Hanyar da na fi so, in motarka mai filashar da ake cirewa ce, ita ce a sa filashar da aka yi don LED, mai ƙafafu daidai da taka. Ka cire tsohuwar ka tafi da ita shago, don akwai mai ƙafa 2, mai 3, akwai mai 8 irin ta wasu Toyota, kuma ko a masu 3 ɗin jerin ƙafafun ba ɗaya ba ne. Ɗaya hanyar ita ce rizisto, wanda aka fi sani shi ne mai om 6, wat 50, ɗan gwangwanin alminiyon mai ruwan zinare. Ana haɗa shi tsakanin wayar sigina da as a kowane ƙwan da aka canza, ya ja wutar da tsohon ƙwan ke ja. A sababbin motoci da yawa babu filashar cirewa, kwamfutar motar ce ke wannan aiki, don haka sai rizisto ko a sauya saitin da na'ura. Shi rizisto wutar da ya ja zafi yake mayar da ita, fiye da wat 20, yana iya ƙona hannu ya narka roba. A ɗaure shi a jikin ƙarfe da sukuru, kada a bar shi yana lilo cikin wayoyi, kada kuma a naɗe shi da salatif.

Ka sani kuma duk wadda ka bi, ka kashe bakin mai gaya maka. Ranar da LED ɗin baya ya mutu, filasha za ta ci gaba da bugawa a natse, kai kana ciki kana zaton na bayanka ya gan ka. Dole ka maye gurbin wannan da idonka, ka riƙa kunna dabul kana zagayawa kafin ka ɗau hanya. Ka kuma tsaya daga nesa da tsakar rana ka dubi hasken. Akwai LED masu arha da ke ƙyalli da dare, da rana kuwa ba a ganinsu cikin gilashin da aka yi don ƙwan asali. In naka irinsu ne, ni dai da ni ne, da na mayar da na da.

TAMBAYA

Baba ina wuni. Tsohuwar Fijo 504 a-kori-kura ce ta mahaifinmu, irin ta Kaduna. Tamu ba sauri take ba, in an kunna siginar dama sai ta kama ta tsaya cak ba ta ƙiftawa. Hagu kuwa tana yi.

Ɗanka, daga Azare

AMSA

Lafiya lau ɗana, ka gaishe da tsohon. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci tun 1975, kuma har yau irin taku suna kai kaya kasuwannin ƙauye, ba ƙaramin abu ba ne. Ciwonku ɗaya da na mutumin Funtuwa, filashar ce daban. Ta da, 'yar gwangwanin nan, da zafi take aiki. Akwai siririn ƙarfe a ciki da wutar ƙwayayen ke ɗumamawa, in ya yi zafi ya lanƙwashe ya yanke wuta, in ya huce ya dawo ya haɗa. In ƙwai ɗaya ya mutu, wutar da ke wucewa ba ta isa ta ɗumama shi, sai ya zauna a haɗe, fitila ta kama ta ƙi ƙiftawa. Ku duba ƙwayayen dama, gaba da baya, da soket ɗinsu da as, kamar yadda na faɗa a sama. In wata rana kuka ga duka gefe biyu sun yi sanyi a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, in an ba da wuta su farfaɗo, to wannan ba sigina ba ce, a auna batir da caji. Batir mai lafiya yana nuna wajen 12.6V a kashe, inji na aiki kuma tsakanin 13.8V da 14.4V.